Ranar da Ya Kaltum Ta Yabi Asibiti

"Mama, in baƙuwar ta tambaye ki, ki yabe mu," in ji Sista Nkiru, tana gyara wa Ya Kaltum zanin gado. "In suka ji ƙorafi, za su janye tallafi."

Kwana uku ke nan ba a wanke wa tsohuwar gyambon ƙafarta ba, wai auduga ta ƙare. Amma duk faɗin Bolori nan kaɗai ake yi mata allurar ciwon suga kyauta. In aka rufe, ina za ta?

Wakiliyar ƙungiyar agaji ta iso.

"Hajiya, yaya kulawa?"

Ya Kaltum ta ja zane ta rufe ƙafar. "Alhamdulillahi, 'yata. Magani a kan kari, likita kamar ɗan cikina. Ba mu rasa komai ba."

Haka sauran majinyata suka amsa, kamar masu bitar karatu.

Baƙuwar ta yi murmushi. "Kun sauƙaƙa mana aiki, Sista. Bana asibiti ɗaya za mu iya riƙewa, kuma an ce mu zaɓi wanda ya fi wahala. Ku kam, masha Allah, ba kwa bukatarmu."