Gaiwa a Cikin Bango

Kai da tari ya ɗan sake ka har kake neman cilla sauran maganinka bayan katanga, zauna nan tukuna, ka ji abin da ya sami wani mai yin tubali.

Mutumin nan tarin fuka ya kama shi ya tsotse shi tas, har wando sai ya riƙe da hannu. A asibiti aka auna kakinsa, aka ɗora shi kan maganin wata shida, kullum da safe kafin ya karya. Ga shi matar ɗansa ta haihu a gidan, jikarsa ta fari. Shi da kansa ya kwashi tabarma ya koma zaure, ya rantse ba zai ɗauke ta ba sai an ce ya warke. Bai daɗe yana sha ba tari ya lafa, kumatu suka dawo, ya fara share kwano yana tambayar ƙanzo. Nan fa magani ya ishe shi: ƙwaya kamar gurjiya, fitsari kuma ja wur sai ka ce zoɓo. Ya zura babbar riga, ya tafi asibiti yin sallama. Malamar asibitin, wata siririya marar wasa, ta bari ya gama zuba godiya, sannan ta ce, "Baba, ƙwayoyin cutar da suka mutu ramammu ne masu yawo. Akwai masu wayo da suka tara kitse a cikinsu, suka kwanta barci a huhunka suna lasar abinsu. Mai barci kuwa magani ba ya saurin kama shi. Ka daina yau, su farka, ka yi tari ka fesa wa jikarka."

Nan take gogan naka ya gane, don ya taɓa ganin irin wannan da idonsa. Wata shekara da rani ya haƙo laka a busasshen tafki, ƙasa duk ta tsattsage kamar kaushi, ya buga tubali ya gina wa matarsa ɗakin girki. Ashe ya haɗo da gaiwa, kifin nan da in ruwa ya janye yake nutsewa cikin laka ya naɗe, yana cin jikinsa. Ta yi raninta a bango shiru, ko motsi. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi bango ya jiƙe, sai ga ta ta faso, ta faɗo tim gefen murhu. Matar ta watsar da muciya, ta yi waje ba ɗankwali tana kururuwar aljani. A lokacin shi ya fi kowa dariya. Yau kam dafa ƙirji ya yi, ya miƙa hannu aka ƙaro masa magani.

Tun daga ranar ya mai da abin kokawa. Kowace safiya ya watsa ƙwayoyi a baki, ya kora da ruwa, ya bubbuga ƙirji ya ce, "Mai kitse, an tashi lafiya? Ina nan bakin ƙofa." Abokan majalisa suka sa masa suna Sarkin Zoɓo, suna cewa ƙato da kai, wuya kamar na bajimi, me kake sha wa magani? Bai kula su ba. Ranar kasuwa ya sha, ranar biki ya sha, ranar da ya ji kamar ya yi amai ma ya sha. Su kuwa na ciki, duk wanda ya buɗe ido sai ya tarar da magani tsaye a kansa. Da wa'adi ya cika aka sake auna kaki, malamar nan marar wasa ta duba, ta yi murmushi. Mutumin bai tsaya a zaure ba, ya zarce cikin gida ya sure yarinyar ya ɗaga ta sama. Ta damƙi gemunsa ta ja da ƙarfi, ya ƙyalƙyale da dariya tun daga ƙasan ciki, doguwa, har hawaye, ko tari ɗaya bai biyo bayanta ba.

To, ɗauko maganinka. Ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.