Jirgin Gwangwani na Masu Dawowa

Wata rana bayan la'asar, a zaurenmu na Ƙofar Sauri, ni da kakana muka haɗa jirgin ƙasa da gwangwanayen kifi, karan dawa ya zama layin dogo. Kaka tsohon soja ne, jirgi ya kai shi yaƙin basasa. Na mulmula sojojin laka, na sa kan jirgin ya fuskanci kudu.

Sai ya riƙe hannuna, ya juya shi arewa.

"A'a, abokina. Wannan na masu dawowa gida ne. Cika shi maƙil."

Duk sojan da na ɗora, sai ya kira shi da suna yana murmushi. Sai da na girma na gane abokansa ne da ba su dawo ba. Har yau ina jin daɗi, domin a jirginmu kowa ya samu wuri.