Bel Ɗin da Baba Ya Ƙi Ɗaurawa

Kwana uku ke nan Baba Makanike yana kwance ƙarƙashin tsohuwar bas mai shan dizal, wai yana ɗaura sabon taimin bel a injinta. Aikin da ya shekara hamsin yana yi ko ido rufe! Da gangan yake jan ƙafa. An riga an loda katifarsa a baya. Injin na tashi, 'yarsa za ta kwashe shi zuwa gidanta, a jingine shi kamar tsohuwar taya.

"Ki bar Baba ya huta," in ji surukinsa. "Hannun ya tsufa. Mu kira makanike."

Makanike? Yana raye?

Baba ya daidaita alamomin taimin, ya zaunar da bel haƙori kan haƙori. Murza makulli ɗaya, injin ya ɗauka. Shi ke nan, sai tafiya gidan 'yarsa.

'Yarsa kuwa ta fara sauke katifar.

"Dama mun yanke shawara, Baba. In ka tayar da bas ɗin nan, za ka iya zama kai kaɗai. Har mun fara fid da rai."

Baba ya goge hannu.

"Ai ni ma gwada ku nake yi."