Tabon da Aka Ce Shayi Ne

Gwaggo Tasalla, yayar mahaifin maigidana, ita ta ba ni wannan misali ranar da za ta raka ni asibiti. Tun da na haihu nake fama da wani ciwo da nake jin nauyin faɗarsa, har na shirya a raina in ce wa likita ciwon kai ne kawai. Ban gaya mata ba, amma tsohuwa ce, ta karance ni. Muna zaune a soro muna jiran adaidaita sahu ta ce, "'Yar nan, matso ki ji."

Ta ce an yi wata mata mai kunya ƙwarai, tana da kafet ɗin da mahaifiyarta ta sayar da akuyarta ta saya mata cikin kayan ɗaki. Ba a daɗe da bikin ba uwar ta rasu, sai kafet ɗin ya zame mata abin tunawa. Kullum sai ta share shi, ba a hawansa da takalmi, ko tuwo ba a ci a kansa sai an shimfiɗa leda. Da ɗanta na fari ya fara rarrafe, sai ya zaɓi wani lungu kusa da ƙafar kujera, nan yake sakin fitsarinsa. Ita kuwa ta goge da tsumma, ta yayyafa ruwa, ta kunna turaren wuta. Sama ya bushe, ƙasa kuwa ya sha ya ƙoshi. A hankali wurin ya yi tabo, ɗakin ya fara zarni. Mijin ya kira mai wankin kafet, irin masu injin nan da ke tsotse ruwa. Mutumin ya durƙusa ya duba tabon, ya tambayi matar da ke bayan labule me ya zuba a nan, don kowane tabo da irin wankinsa. To, ɗan fari ne, ko sunansa ba ta iya kamawa, balle ta ambaci fitsarinsa a gaban baƙon namiji. Sai ta ce shayi ne. Ya naɗe kafet ya tafi, ya yi masa wankin shayi, ya wanke fuskar da kumfa, ya fesa turare, ya dawo da shi fes kamar sabo. Kowa ya yaba. Ruwan farko na damina yana sauka, ɗaki ya yi laima, zarnin ya taso daga ƙasa fiye da na da. Baƙi su shigo su gaisa a tsaitsaye su fice. Mijin ya daina shimfiɗa sallaya a ɗakin. Daga ƙarshe ya ce ya gaji, a naɗe kafet ɗin a bai wa 'yan jari bola.

Matar ta yi kukanta a ɓoye, ta roƙi mijin a sake kiran mai wankin sau ɗaya tak. Mutumin ya zo ransa a ɓace, yana ganin an raina aikinsa. Ya ɗaga gefen kafet ɗin, ya ga bayansa ya yi rawaya, ya sake tambaya. Ta daɗe tana murza bakin labule, sannan ta ce a hankali, "Yaron ne." Sai ya yi dariya ya ce, "Haba uwar gida, ni ma da 'ya'yana tara! Da tun farko kin faɗa, ai da tuni an wuce wurin." Wannan karon ta baya ya fara. Ya jiƙa wurin da ruwan sanyi har ya ratsa, ya zuba maganin da ya dace da shi, ya bar shi ya tsima, ya tsotse da inji, ya sake, ya sake, har ruwan da ke fita ya zama garau. Bai dawo da shi ba sai da ciki da baya suka bushe ƙarau. Damina ta zo ta wuce, ba a ƙara jin komai ba. Gwaggo ta ce a kan kafet ɗin nan yaron ya koyi tafiya, a kansa ƙannensa suka yi rarrafe, kuma duk ranar da matar ta share shi sai ta yi wa mahaifiyarta addu'a, ta haɗa da mai wankin.

Daga nan Gwaggo ta gyara mayafinta don adaidaita ta iso. A gaban likita, kaina a sunkuye, na faɗi abin da ke damuna da sunansa. Yau ga ni na warke, ina goyon ɗana ina aikina, kuma ban taɓa idar da salla ban sa Gwaggo Tasalla a addu'a ba. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.