Tsohon Direba Ya Ci Gwaji

Ana gama jana'izar tsohon direban sakatariya ta zauna gaban ordinata, wato kwamfuta, don ta mayar da matsayinsa "ya rasu", tunda ita ke kula da ma'aikatan kamfanin a Dogon Dutsi. Na'urar ta ƙi. Wai mutumin yana kan gwaji, sai an faɗi sakamako tukuna: ya ci ko ya faɗi?

Gwaji! Mutumin da ya yi furfura bisa hanyar Tibiri. Duk shekara sai ta kai wa patron, mai kamfanin, maganar tabbatar da shi, ya ce a bari sai baɗi.

Ta danna "ya ci", sannan "ya rasu".

Da la'asar ta je gaisuwa. Matar marigayin ta miƙo mata wayarsa. "Ɗiyata, ga saƙo daga buronku, wurin aikinshi, ba ni jin faransanci. Mi sunka ce?"

Na'urar ce ta aiko da kanta: ana taya shi murna, an ɗauke shi aikin dindindin, ya zo Litinin ya sa hannu.

"Ta'aziyya ce, Inna."

Tsohuwar ta share hawaye. "Allah sarki. Ashe sun san darajarshi."