Ɗaki a Kan Amalanke

Labbo ya tsinci tsohuwar amalanken da Turawa suka yar a Jega, ya yi mata rufin zana da gadon kara. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai yana kwaikwayon Nasara.

"Ka maishe mu abin nuni a garin ga," in ji matarsa Azumi.

Ranar da Labbo ya ɗaura shanu ya fita da amalanken, Azumi ta yi yaji zuwa gidansu a Jandutsi.

A ƙofar gidan nasu ta iske Labbo yana kwantar da gyatumarta, wadda ƙafafunta suka shanye, cikin amalanken.

"Garin Liba za shi kai ni, in gano ƙanwata," tsohuwar ta ce. "Ke na fara roƙa tun bara, kinka ce babu hali."

Azumi ta ja mayafi ta rufe fuska.