Abin da Ke Bayan Muryar Baba

Wane kunne ya fi: mai jin komai, ko mai rufa wa mamaci asiri?

Wani tela ya shiga shagon sayar da hedifon da gadonsa guda ɗaya a cikin waya: muryar marigayi mahaifinsa yana yi masa tatsuniya, an kwafo daga tsohon kaset. So yake ya ji ta tas.

Mai shago ya miƙo hedifon mai araha. Telan ya saka a kunne, ya yatsine fuska.

"Wannan ai kamar daga rijiya ake magana. Ko kyauta ba na so."

Na biyu kuwa gurnani ya yi masa yawa.

"To maigida, ga uban tafiyar," in ji mai shago. "Wannan ko sauro ya yi tari sai ka ji."

Bai yi ƙarya ba. Ga numfashin Baba, ga kukan kujerarsa. Daidai inda tatsuniyar take ɗan tsayawa, inda kullum yake ɗauka tsufan kaset ne, sai ya ji shessheƙar mace. Sannan muryar Baba, ƙasa-ƙasa: "Yi min shiru, ko in ƙara miki." Tatsuniya ta ci gaba, har da dariya.

Ashe shi ya sa Inna take barin ɗakin duk ranar da ya kunna.

"Yaya, ya fita ko?" in ji mai shago.

Telan ya ajiye shi kamar mushe, ya goge kunnuwansa da hannun riga. Bai ɗago kai ba ya nuna na farkon.

"Sa min na rijiyar a leda."